Kun Ƙirga Kyaututtukan Wajda, Kun Manta Ɗalibansa

Ya mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta abin da kuka buga a shafin fina-finai a kan Andrzej Wajda, daraktan nan ɗan ƙasar Poland da ya rasu a 2016 yana da shekara 90. Sannunku da ƙoƙari. Sai dai fa kun jero kyaututtuka kamar masu duba kayan lefe, ga ta Cannes a 1981, ga Oscar ta girmamawa a 2000, ba ku ce uffan ba a kan cewa mutumin malami ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Daga 1972 zuwa 1983 shi ke jagorantar wani rukunin shirya fina-finai da ake kira X, inda matasa irin su Agnieszka Holland suka goge a hannunsa. Hukuma ta tuɓe shi bayan dokar soja da aka ƙaƙaba wa ƙasar a Disambar 1981. Da ya tsufa kuma, shi da Wojciech Marczewski suka buɗe makarantar koyon darakta a Warsaw. Ita ma Oscar ɗin da kuka yi ta yayatawa bai ajiye ta a falo ba, gidan tarihin Jami'ar Jagiellonian da ke Krakow ya bai wa.

To me yake koyarwa? A ganina amsar tana cikin fim ɗinsa Kanał na 1957, wanda na kalla a waya cikin dare, ina yi ina tsayawa don karanta fassara. Labarin mayaƙan Warsaw ne na boren 1944, da suka shiga kwatamin ƙarƙashin ƙasa don tsere wa sojojin Jamus. Mace da namiji sun yi ta kutsawa cikin ƙazanta har suka hango haske, da suka isa sai ga ƙarafuna sun tare bakin ramin. Ta leƙa, ga kogin Vistula, ga ɗaya gaɓar can tana kwance shiru. Babu wanda ya furta komai a kan wancan ƙetaren, amma duk ɗan Poland ya san can ne sojojin Sobiyat suka tsaya har aka murƙushe boren. Mai tace fim na gwamnatin Poland ta lokacin, mai biyayya ga Sobiyat, yana farautar kalma ne da almakashinsa. Ina zai yanke a jikin kogi?

Sai kuma haƙuri. Labarin fim ɗin da za a iya kira Mutumin Marmara ya yi fiye da shekara goma a aljihun tebur kafin a ba da izini, ya fito a 1977. Birkila ne gwamnati ta mayar gwarzo a Nowa Huta, sabon garin ma'aikatan ƙarfe a gefen Krakow, aka sassaƙa gunkinsa, daga baya aka yi watsi da shi. Akwai inda wani ya miƙa masa bulo mai zafin wuta a gaban jama'a, hannuwansa suka ƙone. Ban taɓa manta wurin ba.

Wanda ya fi wannan daɗewa shi ne na mahaifinsa. Hafsan soja ne, yana cikin mutum kusan 22,000 da jami'an Sobiyat suka kashe a 1940, kisan da ake kira na Katyn. Kusan shekara hamsin Mosko na ɗora wa Jamus laifin, sai a 1990 ta amsa. Mahaifiyarsa ta rasu ba ta daina sa ran dawowar mijinta ba. Ɗan nasu kuwa sai a 2007, ya haura tamanin, ya samu ya yi fim a kan kisan. Ku kuma kun ambace shi a rabin layi.

Af, kafin in manta: "Vaida" ake furta sunan, in ji masu harshen. Abokina da muke gardama a majalisa ya dage sai da "Wajada", har yana cewa ƙila Balarabe ne.

Roƙona ɗaya ne. In da hali, ku sa wakilinku ya yi mana rubutu a kan makarantar fim ta Lodz, wadda aka kafa a 1948, inda Wajda ya koma bayan ya bar karatun zane a Krakow. Daraktoci Kieslowski da Zanussi ma can suka fito, kuma ina so in ji yadda ake koyar da ɗan shekarar farko a wurin.

Na gode, a huta lafiya.

Mai bibiyar shafinku,
daga Zariya