'Yan sane a motocin haya: a daina ɗora wa fasinja laifi shi kaɗai

Malam Edita, assalamu alaikum, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan 'yan sane da suka addabi mutane a tashoshin mota da cikin adaidaita da taksi, nan Damagaram da kuma manyan biranen da mutanenmu ke zuwa fatauci irin su Kano da Yamai. Abin da ke damuna shi ne duk wanda aka yanke wa aljihu magana ɗaya yake ji a bakin kowa, "ai kai ne ba ka kula ba", sai a bi shi da Allah ya mayar da alheri, shikenan an rufe zance. To ni dai ban yarda ba. Fasinja na da nashi sakacin, amma sata a mota ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma akwai masu gani su kau da kai.

Duk mai shiga mota ya san yadda suke yi. Ranar Alhamis da Kasuwar Dole ke ci, ko Lahadi in za a tafi kasuwar Mirya, hiyas na tsayawa sai ka ga mutum biyar shida sun taru a bakin ƙofa suna turereniya kamar kowa sauri yake, alhali rabinsu ba inda za su, ɗaya ya tare maka gaba wai takalminshi ya cire, ɗaya ya danno ka ta baya, na uku ya sa reza a aljihun gefe na rigarka, kafin ka zauna waya ta wuce hannu biyu, ko an kama wanda ya zaro ta ba za a samu komi a jikinshi ba. Shi ya sa suke da bakin rantsuwa, har su ce a caje su.

Na cikin adaidaita da taksi ya fi ciwo don wani lokaci har da direban ake haɗa baki. Za ka tare ka tarar da mutum biyu a zaune kamar fasinjoji, ana fara tafiya sai a ce malam gyara zama ka danne mini ƙafa, ko ɗaya ya dinga miƙo kai ta gabanka wai zai tofar da yawu amai ke taso mashi, kai kuma saboda kunya da tausayi sai ka dinga ɗagawa kana matsawa, to wannan ɗagawar ita suke jira. Da sun gama sai direba ya ce kai yi haƙuri ashe ba can zan bi ba, sauka ka nemi wata, kuma ba ya ma karɓar kuɗinka. Wallahi duk ranar da mai adaidaita ya sauke ka a rabin hanya ya ce ka bar kuɗin, ka laluba aljihunka kafin ka ce na gode. Masu zuwa sarin kaya Kantin Kwari da Singa sun san wannan, ballantana wanda ya fito daga Wapa da canjin sefa zuwa naira, kuɗin sun yi yawa aljihu ya kumbura, ga hausarmu da an ji an san baƙo ne daga Nijar.

Yanzu tambayata ga 'yan sandika, wato ƙungiyar masu motocin haya, da 'yan kamasho da karnukan mota. Ku da kuke kwana kuke tashi a tasha, kun san fuskar mai shayi, kun san mai turin baro, kun san almajirin da ke zuwa bara, ta yaya za a ce ba ku san ƙaton da kullum yake bakin ƙofar mota ba jaka ba tikiti kuma bai taɓa tafiya ko Matamai ba? Kun san su. Wasu tsoro ne ke hana su magana don yaran na yawo da wuƙa, wannan na fahimta, mutum ɗaya ba zai tsaya a gabansu ba. Amma sandika ba mutum ɗaya ba ce, ƙungiya ce mai shugabanni mai karɓar kuɗi a kan kowace mota da ta yi lodi ta tashi. In ana iya hana direba lodi don bai bi layi ba, ana iya hana ɗan sane tsayuwa a bakin mota. A ba masu lodi da 'yan kamasho riga mai lamba mana, yadda tsohuwa da ta zo daga ƙauye za ta gane wa za ta miƙa wa kayanta, wanda ba shi da riga kuma a tambaye shi me yake nema a nan. A sa fitila a inda ake lodi, don bas ɗin Yamai da asubar fari suke tashi, cikin duhu mutane ke cunkuson awon kaya ga barci a ido. Ita ma hukumar birni ta matsa a kan lambar adaidaita da kabu-kabu, a rubuta ta ɓaro-ɓaro ciki da waje, don wanda aka sauke a hanya ya samu abin da zai faɗa a komisariya, ba ya je ya ce wata ruwan ɗorawa ce ba, dukkansu ai kusan kalarsu ɗaya.

Mu fasinjoji kuma, in ɓera na da sata daddawa ma na da wari. Mutum ya sayar da wake ko raguna ya dunƙule 'yan jika goma goma ya cusa a aljihun gefe ya hau mota, alhali ga Nita ga Amana ga Al Izza a kowane lungu, ka zuba a nan ka karɓa a Maradi ko Yamai, abin da za a cire maka bai kai zafin rasa jarinka ba. Wanda dole sai ya riƙe kuɗi ya sa tela ya yi mashi aljihun ciki a wando, ya ware na mota daban don kar ya zaro damin gaba ɗaya a gaban jama'a. Mata a rataya jaka ta gaba ƙarƙashin hijabi. In an tsaya sallah a hanya kar a bar waya a caji a kan kujera. Sannan kowa ya danna *#06# a wayarshi yau ɗin nan ya rubuta lambar da ta fito a takarda ya aje a gida, ita 'yan sanda za su tambaya, kuma da an sace a ruga a rufe layin tun kafin a fara kiran 'yan uwa ana cewa ka yi hatsari a turo kuɗi.

Abu na ƙarshe da nake roƙo, in an kama a daina duka. Na san zuciya, amma ihun ɓarawo a tasha ba ya tantance mai laifi, sau da yawa ainihin wanda ya ɗauka ya riga ya sulale, har abokanshi kan shiga cikin masu dukan su ƙara yamutsa wuri su ci gaba da lalube aljihun 'yan kallo. Kuma yaron da aka farfasa wa kai ba zai faɗi wanda yake kai wa wayoyin ba, alhali mai sayen nan shi ne gindin abin, waya ta jika ɗari a ba ka ita a jika ashirin ba kwali ba rasit ka ce ba ka sani ba? A riƙe shi a kira 'yan sanda a lamba 17, wanda aka yi wa satar kuma ya daure ya bi su ya ba da bayani, don in ba mai ƙara gobe za ka gan shi a bakin wata motar. Ina fata shugabannin sandika na Damagaram za su amsa a wannan fili su gaya mana abin da ya hana a yi rigunan nan.

Naku mai karatu kullum,
daga unguwar Zango, Damagaram