Janar Mitha da Abin da Ba a Faɗa a Kan Rundunonin Musamman

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan yadda ake ba da labarin rundunonin soja na musamman. Na lura duk lokacin da aka zo maganarsu, bindigogi da motocin sulke da baƙin tabarau ake lissafawa, amma ba a cika tambayar wane ne ya kafa su ba, balle a tambayi wa suke yi wa biyayya idan siyasa ta dagule.

Ba ƙin su nake yi ba, domin na san ranarsu. A shekarun 1990 na sha bin hanyar Marwa zuwa Kuseri a arewacin Kamaru, kuma sau ɗaya zargina, wato 'yan fashin hanya, suka tare motarmu tsakanin Waza da Dabanga. Suka kwantar da mu rub da ciki a kan kwalta mai zafi, suka bi mu ɗaya bayan ɗaya suna laluben aljihu, har wani dattijo mai fataucin shanu da ya ɗinke kuɗinsa cikin ɗamara sai da suka yanke ta da wuƙa. Saboda irin wannan ɓarna aka kafa rundunar da ta zama BIR a 2001, wato rundunar kai ɗaukin gaggawa ta sojan Kamaru, ƙarƙashin wani tsohon hafsan Isra'ila, Avi Sivan, wanda ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a 2010. Wanda ya kwanta a kwaltar nan ba zai raina aikin da suka yi ba, haka ma mutanen Kolofata da suka ga artabun da aka yi da Boko Haram a Janairun 2015.

Sai dai akwai tarihin wani janar na Pakistan da nake ganin ya kamata masu karatu su sani, wato Manjo Janar Abubakar Usman Mitha. An haife shi a Bombay a 1923 a gidan attajirai, amma ya juya wa kasuwanci baya ya shiga soja a zamanin Turawan Ingila, ya kuma yi Yaƙin Duniya na Biyu a Burma, dajin da Hausawa da dama daga Najeriya suka yi yaƙi a cikinsa. Da aka raba Indiya a 1947 sai ya zaɓi Pakistan. A 1956, yana laftanar kanar, aka damƙa masa wata bataliya ta rundunar Baloch domin ya mai da ita dakarun kundumbala, da taimakon Amurka, kuma ita ce ta zama SSG, wato rundunar musamman ta sojan Pakistan, mai sansani a kan duwatsun Cherat kusa da Peshawar. Ya yi shekaru yana jagorantarta, yana tace waɗanda za su shiga, yana horar da su a kan jure yunwa da doguwar tafiya da aiki a bayan layin abokan gaba, har ta kai ana kiransa uban rundunar.

Abin da ya biyo baya shi ne inda nake so a tsaya a yi nazari. Rundunar da aka gina domin maƙiyan waje ita aka tura Dhaka a daren 25 ga Maris 1971 ta kama Sheikh Mujibur Rahman, mutumin da jam'iyyarsa ta lashe zaɓen 1970, kuma daga wannan dare aka faɗa yaƙin da ya ƙare da ɓallewar Gabashin Pakistan, wato Bangladesh ta yau, a Disamba. Da sojojin Pakistan suka miƙa wuya, sai aka zargi Mitha da yunƙurin kawo dakarun SSG Rawalpindi domin su kare shugaban mulkin soja, Janar Yahya Khan, daga fushin ƙananan hafsoshi. Zulfikar Ali Bhutto yana karɓar mulki ya sallame shi tare da wasu manyan janarori, yana ɗan shekara 48. Ba a gurfanar da shi gaban kotun soja ba, saboda haka shi bai samu wanke kansa a bainar jama'a ba, waɗanda suka rasa 'yan uwansu a Gabashin Pakistan su ma ba su ji amsa daga bakinsa ba. Ya rasu a Disambar 1999, wata biyu bayan Janar Pervez Musharraf, wanda ya yi aiki a SSG, ya kifar da gwamnatin Nawaz Sharif.

A nawa ganin, ƙwarewar Mitha wajen horar da soja ba abin musu ba ce, amma horo yana koya wa soja yadda zai cika umarni ne, ba ya zaɓar masa mai ba da umarnin. Wannan aikin doka ne da majalisa, kuma a Pakistan ta wancan lokaci duka biyun suna hannun masu kaki. Mu ma a nan Kamaru an san cewa BIR kai tsaye take karɓar umarni daga fadar shugaban ƙasa, kuma rahoton da Amnesty International ta fitar a 2017 a kan tsare mutane da azabtar da su a sansanin Salak, nan bakin Marwa, ya sa iyaye da yawa sun yi tambayoyi a zaure waɗanda ba su iya yi a fili ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne idan wakilanka za su sake rubutu a kan waɗannan rundunoni, a nan ko a Chadi ko a Najeriya, su binciko mana wace doka ce ta kafa su, wane ne ke duba kasafin kuɗinsu, da kuma ƙofar da talaka zai ƙwanƙwasa idan an tafi da ɗansa cikin dare.

Huta lafiya.

Wani mai karatunku,
Unguwar Domayo, Marwa