Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyar Masu Hawan Keke, Jos

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwamitin gudanarwa ya ɗora mini in kawo muku rahoton abin da muka yi a bana.

Fitar Asabar da safe ta ci gaba kamar yadda aka saba, wani makon wajen duwatsun Shere, wani makon Bukuru zuwa Vom mu juyo. Damina ta rage mana mutane, daga baya suka dawo. Mun kuma yi zaman koyon gyara a wurin wani mai faci da ya ba mu lokacinsa kyauta, har ƙananan mambobi suka iya cire taya, su yi faci, su mayar da kaca in ta zame. Allah ya saka masa da alheri.

Babban aikin shekarar shi ne doguwar tafiya ta kwanaki zuwa Pankshin da dawowa, cikin hunturu. Mun bi ta Bukuru, Heipang, Barikin Ladi, Mangu da Panyam, tafiyar sama da kilomita 100 a zuwa kawai, kowa da tantinsa da bargonsa ɗaure a kariyar keke. Wanda ya saba da keke ba kaya ya ga bambanci tun hawan farko: sai ka sauke giya har ƙarshe, kana taka feda kana jin nauyin yana janka baya. Jos kanta tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, don haka sanyin dare a fili ba wasa ba ne. Da asuba yatsu kan ƙage, sai an hura wuta an ɗumama ruwa kafin a iya alwala.

Abin da nake so mu riƙe shi ne yadda aka samu wurin kwana. Makonni kafin tashi, wakilanmu sun je a mota sun gaida masu unguwa da dagatai a duk inda muka yi niyyar sauka, sun faɗi ko mu su wane ne, sun kuma sanar da jami'an tsaro. Kowa a nan ya san abin da wasu yankunan Filato suka sha na tashin hankali, kuma baƙi su kafa tanti a bakin gari da dare ba tare da sallama ba, neman fitina ne. Saboda wannan gaisuwar, a wani ƙauye kusa da Mangu aka buɗe mana harabar makarantar firamare. Dattijon da ya tarbe mu Kirista ne, shi ya nuna mana gabas, ya sa aka kawo ruwa, matan gidansa kuma suka aiko da gwaten acca mai zafi a babbar tukunya. A ganina, wahalar da wakilan nan suka sha ta fi ta masu taka feda, kuma sun cancanci godiya a gaban taro.

Kududdufan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa sun cika hanyar Barikin Ladi. Manoman rani na jan ruwansu zuwa gonakin kabeji, karas da dankalin Turawa, mun kuma yi sayayya a hannunsu da rahusa. Dokarmu ta hana wanka a cikinsu ta tsaya daram duk da ƙorafin matasa, domin ramuka ne masu zurfi da ba a ganin ƙasansu.

Mutum ɗaya ya faɗi a gangara da birkinsa ya ƙi ci, ya kuje gwiwa da kafaɗa. Hular kwano ce ta kare masa kai. Daga yanzu ba a tashi da keken da ba a duba birkinsa ba, kuma babu hula babu tafiya.

Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi a taro. Akwai waɗanda ake bin su kuɗin wata, don Allah a biya, da shi za mu sayi ƙarin tantuna da akwatin magani. Shawarar baɗi ita ce a gangara wajen magangarar ruwan Assop ta hanyar Riyom, amma dawowar hawa ce mai tsanani, sai mun ji ra'ayinku. Mai son shiga cikin wakilan da za su fara zuwa gaisuwa ya ba da sunansa kafin taro.

Sakatare