Tiyatar rage ƙiba: a riƙa faɗa wa mutane abin da ke biyo bayanta

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan tiyatar rage ƙiba, wadda tallarta ta cika Facebook da Instagram da zaurukan WhatsApp na mata. Hoto biyu ake sawa, na kafin aiki da na bayansa, sai farashi da dala, har da kuɗin otal da motar da za ta ɗauko mutum daga filin jirgi a Alƙahira ko Istanbul ko Delhi. Ni malamar makaranta ce, kuma an yi mini wannan tiyata a Masar 'yan shekarun baya. Ban yi nadama ba. Ciwon suga da hawan jini sun sa ni gaba, gwiwoyina sun kai ni ga yin sallah a kan kujera. Yau ina kai goshina ƙasa, kuma likita ya rage mini magunguna da yawa. Alhamdu lillahi. Abin da ke damuna shi ne masu tallar nan suna sayar da aikin rana guda, ba sa cewa uffan a kan rayuwar da mutum zai yi bayansa har ƙarshen kwanansa.

Ya kamata mai karatu ya san me ake yi wa cikin. A irin aikin da aka yi mini, wanda ya fi yawa a yanzu, ana yanke kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a fitar, abin da ya rage ya zama siriri kamar ayaba. Ba a mayar da abin da aka yanke. Ɓangaren da ake cirewa shi ne ke samar da mafi yawan sinadarin da ke tayar da yunwa, shi ya sa a watannin farko mutum kan wuni bai tuna da abinci ba. A ɗaya nau'in kuwa ana ware ɗan ƙaramin sashe a saman tumbi a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanjin, alhali a farkon hanjin nan ne jiki ya fi tsotse sinadarin ayon mai ƙara jini da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi. Ba aiki ba ne na amaryar da ke son leshinta ya zauna mata daidai ranar biki. Daga 1991 zuwa 2022 ƙa'idar likitoci ita ce a yi wa wanda ma'aunin BMI ɗinsa, wato lissafin nauyin mutum gwargwadon tsayinsa, ya kai 40, ko 35 idan yana da ciwo irin suga. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin fannin suka sassauta zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon da ƙiba ke haddasawa. Wanda duk ya karɓi kuɗinki bai auna wannan ba, ba lafiyarki ce ta dame shi ba.

Wahalata ta gaske ta fara ne a kicin. Mako biyu na farko ruwa-ruwa ne kawai, romo tatacce da madara mara kitse, kurɓi-kurɓi. Daga nan sai markaɗaɗɗen abinci, sai mai taushi, ba a komawa abinci sosai sai wajen mako shida zuwa takwas. Takardar abincin da na dawo da ita da Turanci da Larabci aka rubuta ta, cike da abubuwan da ba za ka same su a Kasuwar Rimi ko 'Yankaba ba. Babu tuwo a ciki, babu awara, babu alale, babu zogale. Sai da na samu wata masaniyar abinci mai gina jiki a nan gida muka zauna muka mayar da takardar zuwa abincinmu.

Lissafin kuwa mai tsauri ne. Ana son mutum ya samu furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 60 zuwa 80 a kullum, ƙwai ɗaya kuma giram 6 ne ko kusa da haka, ga cikin da ƙaramin kofin shayi ke cika shi. Mu kuma mun tashi a kan cewa tuwo shi ne abinci, nama da kifi rakiya ne. Idan na fara da tuwo, loma uku na ƙoshi, jikina bai samu komai ba. Dole tsarin ya juya: kifi ko kaza ko dafaffen ƙwai ko awara da farko, sai ganye irin alayyahu ko zogale, in da sauran wuri sai ɗan tuwo. Alale ya fi mini ƙosai saboda mai. Kindirmo mara suga ya zama abokina. Kilishi da tsire sai da na daɗe kafin cikina ya karɓe su, har yau kuma sai na tauna loma ta yi laushi sosai kafin in haɗiye, in ba haka ba ta tsaya mini a ƙirji.

Ruwa ma da ƙa'idarsa. Ba a haɗa ci da sha, sai an bar kamar rabin awa tsakani, amma kuma ana son lita ɗaya da rabi ko fiye a rana. A zafin Kano na watan Afrilu wannan ba wasa ba ne, domin mutum ba zai iya ɗaga moɗa ya shanye kamar da ba. Gorar ruwa ba ta rabuwa da hannuna ko a cikin aji.

Sai maganar zaƙi. Lemon kwalba, kunun zaƙi, zoɓon biki, fura da aka zuba wa suga: idan suka wuce cikin hanji da sauri, cikin minti goma zuwa talatin sai zufa ta karyo, jiri, bugun zuciya, murɗawar ciki, wani lokaci zawo. Wasu kuma sai bayan awa ɗaya zuwa uku sugansu ya faɗi warwas, jiki ya ɗauki rawa. Ya fi samun waɗanda aka haɗa wa tumbi da hanji, amma mu ma yana taɓa mu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne halin da na ga wata baiwar Allah a ciki, wadda muka haɗu a layin gwajin jini. An yi mata aiki a ƙasar waje, ta dawo, ta sha bitamin ɗinta na 'yan watanni, da ta ji garau kuma ta ga kuɗin maganin ya yi yawa sai ta daina. Daga baya kasala ta kama ta, tafin ƙafarta ya riƙa mutuwa, numfashi ya riƙa gagararta in ta hau bene. An yi ta ba ta maganin maleriya da taifot, domin ba ta faɗa wa kowa an taɓa yi mata tiyata ba, kunya take ji. Ashe jininta ne ya yi ƙasa sosai, kuma bitamin B12 ya ƙare mata. Tumbi ne ke samar da abin da ke taimaka wa jiki karɓar B12, to an cire mafi yawansa. Shan bitamin bayan wannan aiki na har abada ne: B12, ayon, kalsiyam, bitamin D. Ba a haɗa ayon da kalsiyam lokaci guda, ana barin awa biyu, kuma shayi a kan abinci yana rage ayon da jiki ke ɗauka. Mafi haɗari shi ne bitamin B1, wanda ajiyarsa a jiki ba ta wuce 'yan makonni. Wanda aka yi wa aikin nan yake ta amai ba ƙaƙƙautawa, a kai shi asibiti ranar, domin rashin B1 yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Duk mai lissafin kuɗin tiyata ya sa kuɗin waɗannan magunguna da na gwajin jini a ciki, bayan wata uku, wata shida, shekara, daga nan kowace shekara.

Haka batun kemis. Mun saba, baya ko haƙori ya yi ciwo a aiki yaro ya sayo ibuprofen ko diclofenac ko garin maganin da ke da aspirin. Irin waɗannan suna iya jawo gyambo a wurin ɗinki. Paracetamol aka ce in riƙe, kuma duk likitan da na je wurinsa, ko na haƙori ne, nakan fara sanar da shi. Saurin zubar nauyi yana kuma haifar da tsakuwa a matsarmama, shi ya sa wasu likitoci ke ba da maganin kariya na watannin farko.

Ga 'yan'uwana mata da ƙiba ta hana haihuwa, gaskiya ne haihuwa kan buɗe bayan an rage nauyi. Amma likitoci na cewa a jira wata 12 zuwa 18 kafin ɗaukar ciki, lokacin da jikin uwa ke fama da kansa. Wannan magana ce da ya kamata maigida ya ji da kunnensa daga bakin likita, don kada dangi su dame ta da tambayar shiru. Azumi ma haka. Ramadan na farko likitana ya hana ni, na yi kuka sosai, amma Allah Ya yi rangwame ga mara lafiya a Suratul Baƙara, ya rama a wasu kwanaki. Yanzu ina azumi, sai dai buɗe bakina dabino ɗaya ne da kurɓin ruwa, abinci sai bayan magariba, kaɗan-kaɗan har zuwa sahur.

Akwai kuma abin da babu magani a kansa, wato bakin mutane. A wurinmu ƙiba alamar hutu ce, rama kuwa alamar wahala ko ciwo. Tsakanin wata na uku da na shida gashina ya riƙa zuba, fatar damtse da ta ciki ta saki, sai raɗe-raɗi ya tashi. Wasu suka ce kishiya ce, wasu suka ce maigidana ya daina ciyar da ni, wasu suka ambaci ciwon da ba na son maimaitawa. A gidan suna ko biki a cika mini faranti, in ci cokali huɗu in ajiye, sai ka ji an ce, "Haba Malama, raina mana girki kika yi?" Yayata da ta fi kowa ƙaunata ita ta fi kowa matsa mini in ƙara loma. Ina roƙon iyalai su gane cewa wannan lomar ta kara tana iya sa mutum amai, kuma yawan ciye-ciyen cincin da biskit da shayi mai kauri shi ne ke dawo da ƙibar bayan shekara biyu, domin irinsu suna wucewa ba tare da cikin ya ji ba.

Masu yabon tiyatar sukan kafa hujja da binciken da aka fara a ƙasar Suwidin a 1987, wanda ya bi mutum fiye da dubu huɗu shekara da shekaru ya gano cewa waɗanda aka yi wa aikin sun fi tsawon rai. Haka ne. Amma waɗancan mutane ana bibiyar su ne, ana auna jininsu, suna da likitan da ya san tarihinsu. Namu kuwa jirgi ke sauke su a Kano ko Abuja da jakar magani da lambar WhatsApp da kan daina amsawa.

Saboda haka ina kira ga asibitocin koyarwa namu, na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri, su ware rana ko da guda a wata don masu irin wannan aiki, a haɗa likitan tiyata da masanin abinci wuri ɗaya, a kuma buga takardar abinci da Hausa mai ɗauke da abincinmu da ma'aunin ludayi da kofi. Wanda ke shirin tafiya kuma kada ya biya ko kwabo sai ya san wane likita ne zai riƙa duba shi a gida, kuma ya karɓo cikakken rahoton aikin da aka yi masa a rubuce. Kai kuma, Edita, ina roƙon ka gayyato masanin abinci a shafinku na kiwon lafiya kafin azumi mai zuwa, ka buɗe wa masu karatu hanyar aiko da tambaya ba tare da an buga sunansu ba, domin da yawa daga cikinmu ko surukansu ba su san an yi musu aikin ba.

Wassalam.

Daga wata malamar makaranta, Kano.