Ba a ƙaddamar da likita, shigar da shi sahu ake yi

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ni mai sauraron labaranku ne na kullum. A makon jiya na ji mai karanta labarai ya ce "an ƙaddamar da sabbin likitoci", abin kuma ya tsaya mini a rai, domin 'yata tana cikinsu, ni ma ina zauren.

Kalmar Turancin da aka fassara ita ce induct. Daga Latin ta samo asali, ma'anarta a riƙo mutum a shigo da shi ciki. Wato ƙungiya ko hukuma ta karɓi sabon mutum cikin 'ya'yanta a bainar jama'a. Abin da idona ya gani ke nan. Yaran suka miƙe, suka ɗaga hannun dama, suka maimaita rantsuwar aikin likita, mahaifiyar 'yata tana gefena tana share hawaye da bakin mayafi. Bayan nan ne Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya take ba su rajistar wucin gadi, su je su yi shekara guda a asibiti a ƙarƙashin manya. Karatu sun riga sun gama shi. Ranar nan sana'ar ce da kanta ta ce musu kun zama namu.

Sabon asibiti ake ƙaddamarwa, ko littafi, ko gidauniya. Mutumin da ya kwashe shekara shida yana hana idonsa barci ya fi ƙarfin wannan kalma.

Da an ce "an rantsar da su", da ban ɗauki biro ba. Sai dai ita ma ba ko'ina take shiga ba. A 2008 aka yi wa Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wannan karɓa a zauren gwanayen ƙwallon kwando da ke Amurka, kuma ba rantsuwa ya yi ba, karrama shi aka yi. A 2021 kuma rundunar sojin saman Najeriya ta yi amfani da kalmar induct wajen shigar da jiragen Super Tucano cikin aiki.

Roƙona, Malam Edita, masu fassara su riƙa duba wa aka karɓa, wa ya karɓe shi. Ga likita ko ma'aikaciyar jinya, a ce an shigar da su sahun ma'aikatan lafiya. Ga ɗan wasa, an sanya shi cikin jerin gwanaye. Ga jirgi, an shigar da shi aiki. Ƙannen 'yata daga bakinku suke ɗaukar Hausa, har ƙaramin ya fara gaya wa maƙwabta an ƙaddamar da yayarsa.

Na gode.
Mai sauraronku daga Zariya.