Shi mai jinya fa, wa ke tambayar lafiyarsa?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a ɗan ba ni fili in faɗi abin da ya daɗe a raina. Shekara uku na yi ina jinyar mahaifiyata, ciwon mantuwa ne, wanda likitoci ke ce wa dimenshiya. Da farko makulli take mantawa, sai sunan jikoki, har ranar da na shigo ɗakinta da magani a hannu ta ɗago kai ta ce min "bawan Allah, wa kake nema?" Wallahi fita na yi na tsaya bayan ƙofa na sha kuka kamar ƙaramin yaro, sannan na wanke fuska na dawo na ba ta maganin tunda lokacinsa ya yi. Duk wanda ya zo dubiya "ya jikin Mama" zai ce, kuma daidai ne, amma a shekara ukun nan mutum biyu kacal na tuna sun ce min "kai fa ya kake?"

Da Allah ya karɓi abarsa gida ya cika, bayan sati biyu kowa ya koma harkarsa, ni kuwa har yau ƙarfe uku na dare ina farkawa in gyara mata kwanciya sai in tuna babu ita.

Ni aikina rubuta manhajar waya ne, shi ne na fara haɗa wata don irina. Ba wani abin a zo a gani ba ne, maɓalli ɗaya ne babba da aka rubuta "ina farke", in ka danna sai ta haɗa ka da wani mai jinya ko wanda ya taɓa yi, shi ma idonsa biyu a wannan daren, ku yi magana da murya ko a rubuce, ba suna ba hoto. Abokai sun ce in saka AI kawai, wato ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta, ya dinga amsa wa mutane, ya fi sauƙi, na ƙi, saboda abin da na rasa a dararen nan mutum ne da zan ce masa yau na yi wa mahaifiyata tsawa kuma na tsani kaina, ya ce min shi ma ya taɓa yi.

Na yi kuskure kuma, gaskiya ya min ciwo. Na saka ƙararrawar tuna lokacin magani, wata baiwar Allah cikin masu gwada min ta rasa mahaifinta, washegari ƙarfe takwas wayarta ta buga "lokacin maganin Baba ya yi". Da ta gaya min ban iya barci ba sai da na gyara. Ni da na san zafin abin ne fa na manta.

Kuma ba mu kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ciwon mantuwa, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na awannin jinyar mata ne ke ɗauka, galibi ba wanda ya koya musu komai. Tun 2022 hukumar ta saka baƙin cikin rashi da ya ƙi lafawa cikin jerin cututtukan da ake neman magani, don haka mai cewa "ka cika raki" ya daina. Manhajata ba likita ba ce, duk wanda ya ambaci cutar da kansa kai tsaye take nuna masa ya nemi asibiti.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne sirri. A 2023 hukumar FTC ta Amurka, mai kare haƙƙin masu saye, ta sa BetterHelp, kamfanin da ke haɗa masu damuwa da masu ba da shawara ta intanet, biyan dala miliyan 7.8 kan miƙa bayanan masu neman taimako ga irin su Facebook don talla. Ni na yanke ba talla a tawa ko da hakan zai sa tafiyar ta yi nauyi, hawayen mutum ba haja ba ne.

Roƙona Malam Edita, ku buɗe wa masu jinya ɗan shafi ko sau ɗaya a wata su faɗi abin da ke cinsu. Likitocin ƙwaƙwalwa da nas-nas da ke karanta jaridar nan kuma ina neman shawararku ta hannun Edita, musamman kan yadda zan tantance masu sauraro kafin in haɗa su da wanda zuciyarsa ke a karye, nan ne na maƙale yanzu.

Naka,
Wani mai karatu da ya yi jinya