Zuwa ga ƙanwata da ta tambaye ni ko sai ya taɓa ta tukun

Assalamu alaikum, ƙanwata.

A taron matan da aka yi a Kubwa kin miƙe, murya na rawa, kin ce saurayin da kika rabu da shi wata biyar ya ƙi ƙyale ki. Kin toshe lambarsa ya sake layi, yana tsayawa bakin get ɗinku bayan isha'i, yana bin a-daidaita-sahun da kika hau har wurin aiki. Kika ce, "Anti, tunda bai taɓa ni ba, ina da ƙara?" Lokaci ya ƙure ban ba ki amsa yadda ya kamata ba, abin ya tsaya mini a rai.

Kina da ƙara. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda ake kira VAPP, ta mai da bibiya laifi mai zaman kansa. Sashe na 17 ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko duka biyun. Ba ta ce sai an ga rauni a jikinki ba. A Abuja, inda Kubwa take, dokar tana aiki kai tsaye. Da a Mararraba kike, dokar jihar Nasarawa za mu duba.

Na san a gida ana ce miki so ne, ki yi haƙuri zai gaji. Wallahi wannan maganar tana ƙona mini rai. Wanda ya sa kika daina zuwa Islamiyya don tsoron haɗuwa da shi a hanya, ba sonki yake ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kin ce kina goge saƙonninsa don kada Mama ta gani. Ki daina daga yau. Ki ɗauki hoton kowane saƙo yadda lamba da kwanan wata za su fito, ki tura wa wata da kika yarda da ita, wayar kuma kada ki sayar, domin kotu na son sanin na'urar da shaida ta fito. Ki samu ɗan littafi: Talata, ƙarfe tara saura, yana jingine da babur, mai shagon kusa ya gan shi. Barazanar da ya turo ta waya kuwa ta faɗa ƙarƙashin sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015. Ki rubuta masa sau ɗaya cewa ya daina nemanki, daga nan ko uffan.

Sai ki kai rahoto ofishin 'yan sanda da takarda a rubuce, ki riƙe kwafi. Idan aka ce maganar soyayya ce ku je ku sasanta, ki wuce NAPTIP, hukumar hana fataucin mutane, ita doka ta ɗora wa aiwatar da VAPP. Lauyoyi mata na ƙungiyar FIDA suna taimakawa kyauta.

Ki ce musu kina son umarnin kariya daga kotu. Alƙali zai iya hana shi kiranki da kusantar gidanku da wurin aikinki, kuma a lokacin ake rubuta sammacin kama shi a ajiye. Ranar da ya karya umarnin, za a iya amfani da sammacin a kama shi.

Kada ki je ke kaɗai. Ki nuna wa Yayanku littafin nan kafin Litinin, ya raka ki.

Taki,
Antinki lauya